Jikan Nomau

Mu Hausawa ne Kiristoci, asalinmu wani ƙauye bayan Bomo, amma a Samaru na tashi, a gidan haya. Kaka, uwar babanmu, tana tare da mu. Da an sauke tuwo ba ta bari a kashe murhu. Sai ta tura masara cikin garwashi, mu kewaye ta, tana mana tatsuniya tana juya masarar da yatsu kamar ba wuta ba.

Haihuwar ƙanina ce ta ɓata zaman. Kaka ta so a sa masa Nomau, sunan marigayi mijinta, tunda shi ma ana tsakiyar noma ya zo. Baba kafinta ne a Sabon Gari, can kuma muke zuwa coci, inda aka sha tambayarsa ko da gaske Kirista ne, don jin irin sunayen gidanmu. Ya ce ɗansa ba zai sha wannan wulaƙancin ba, Kelvin za a sa masa. Lokacin sunan yana tashe. A ajinmu na Lahadi, in malama ta kira sunan sai kawuna su ɗago ta ko'ina.

Kaka ta nemi ma'anarsa. Baba bai sani ba, sai da wani ɗalibin jami'a maƙwabcinmu ya duba a intanet, ya ce sunan wani kogi ne a ƙasar Turawa.

"Kogi?" in ji Kaka. "Ubanka ya noma dawar da ta raya ka, kai kuma ka ba ɗanka sunan rafin da ko ƙafa ba ka taɓa tsomawa ba?"

Ran nan ba masara. Ta zauna ta juya wa Baba baya, ta ba mu labarin wani yaro da ya je kasuwa ya ji wani suna mai daɗi a bakin fatake, ya ajiye nasa ya ɗauki wannan. Wata rana Dodo ya kwashe yaran garin ya zuba su a kogo, ya ce kowace uwa ta kira nata sau ɗaya, wanda ya amsa ya fita. Uwar yaron ta tsaya a bakin kogo ta kira sunan da ta raɗa masa. Yana jin ta sarai, amma ya ji kunyar amsawa a gaban abokansa. Dodo ya mirgina dutse ya rufe.

"Sai me, Kaka?" na tambaya.

"Sai ta koma gida. Ku tashi ku kwanta."

Kaka ba ta taɓa furta Kelvin ba, Nomau take kiransa, yaron kuma yana zuwa da gudu. Har wata Lahadi da baƙi suka zo daga coci, ta kira shi a gabansu, suka yi dariya. Bayan sun tafi Baba ya zane shi, ya ce in ya sake amsa sunan nan sai ya karya shi. Yaro mai shekara biyar!

Da ciwo ya kwantar da Kaka aka mayar da ita ƙauye, muka je gaishe ta. Ta ɗaga kai ta ce, "Nomau." Dangi suka hau kuka, wai mijinta take gani. Ni kuwa na ga inda idonta yake. Ƙanina yana bakin ƙofa, ya dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Ta sake kira, bai amsa ba. Washegari ta cika.

Ina yarinya na ɗauka yaron cikin kogo ne mai laifi. Yanzu da na girma, haushina yana kan waɗanda suka koya masa kunyar, har da Baba, wanda aka yi wa dariya ya zo ya huce a kan ɗansa da uwarsa. Ƙanina yana Kaduna yanzu da 'ya'yansa biyu. Ko a waya na yi kuskuren ce masa Nomau, sai ya yi shiru, in ji numfashinsa kawai, har sai na ce Kelvin.