Ginshiƙin Da Ya Kauce

A shekarata ta uku a Doha kamfanin da nake wa tuƙi ya haɗa ni da wani tsohon Bature ɗan Ingila, malamin zanen gine-gine a wata jami'a. Aikina in taso daga ɗakinmu a unguwar Mansura, in ɗauke shi a gidansa na unguwar Ain Khaled, in kai shi aiki, in dawo da shi. Ran Juma'a da safe kuma in kai shi coci, don a nan Juma'a ce ranar hutun kowa. Cocin nasu na Angilikan sabo ne fil, a gefen gari cikin shinge, ba hasumiya, ba ƙararrawa, ko giciye babu a waje. Duk sanda muka isa sai ya dube shi ya ce kamar sito.

Wata rana muna kan babban titi ya tambaye ni garinmu. Ina faɗa masa ya ce in tsaya. Da ƙyar na samu na raɓe gefe, motoci suna ta danna mini ham. Ya fito daga baya ya dawo gaba, ya kama hannuna, ya ce da Hausa, "Sannu, ya kai ɗan garin gini mai albarka. Ina lafiyar dawakinka?"

Na ce dawaki lafiya lau. Ko kaza ba ni da ita.

Ashe a wani tsohon littafin 'yan mishan ya koyi Hausar, kuma saboda cocin garinmu ya koye ta. Coci ne na ƙasa da aka gina tun zamanin Turawa, da tubali da azara, rufin soro, bakan gizo a ciki kamar zauren manya, zankwaye a bisa, katangarsa don kauri mutum zai kwanta a kai ya yi juyi. Maginan gari ne suka gina shi, dukansu Musulmi. Ni dai abin da na sani game da shi, inuwarsa ta yamma tana da daɗin shan rake. Ban taɓa shiga ba. Shi ma bai taɓa taka Najeriya ba, amma ya san yawan tagoginsa, yana da hotuna da awon kowane lungu da wani fada, limamin cocin, ya aiko masa.

Daga ranar ya daina zama a baya, ni kuma na daina jin rediyo. Kullum zancen ɗaya ne. A gaban cocin, ta hannun hagu, akwai ginshiƙi ɗaya da ya kauce daga layin 'yan'uwansa da taki guda, har ya sa goshin ginin duka ya ɗan karkata. Ya ce a ƙasarsu akwai tsofaffin coci masu irin wannan karkata, ana cewa da gangan aka yi, alamar yadda kan Almasihu ya langaɓe a kan giciye, bisa imaninsu. Shekara da shekaru yana rubutu a kan yadda wannan sirri ya tsallake teku ya shiga hannun maginan Hausa. Har ya gayyaci mutanen cocinsu gidansa ran wata Juma'a da yamma don ya yi musu bayani.

Bakina ne ya jawo. Na ce masa ai kakana na wajen uwa yana cikin maginan, kuma kawuna ne har yau yake jagorantar yaɓen cocin duk shekara. Sai na ga hawaye a idon Bature.

Saura kwana biyu taron muka kira Kawu ta bidiyo. Kawu ya haura tamanin, kuma bai yarda ana kallon waya ba, karawa ake a kunne. Don haka kunnensa muka yi ta gani, da gefen hula.

Bature ya durƙusa gaban wayar ya ce, "Ranka ya daɗe, ya sarkin masu laka. Ina roƙon asirin ginshiƙin hagu."

Kawu ya ce, "Wa ke nan? Mai waƙa ne?"

Na ce, "Kawu, maigidana ne. Yana tambaya me ya sa ginshiƙin nan na gaba ya kauce."

"Au, wannan? Ai jaki ne."

"Jaki kuma, Kawu?"

"Jakin da ke ɗauko ƙasa. Ya zo daidai inda aka ja layi ya kwanta, ya ƙi tashi. Na surukar Sarkin Magina ne, wa zai ɗaga masa sanda? Aka lallaɓa, aka kawo dusa, ko gezau. Ga damina ta matso. Sai Baba ya ce a matsa taki ɗaya a haƙa a can."

Bature ya tambaya ko fadan Turawa bai ce komai ba. Kawu ya ce fada yana kwance da zazzaɓi, da ya warke gini ya kai kafaɗa.

Kwana biyun nan bai yi mini magana ba. Ya koma kujerar baya. Na ce masa Kawu ya tsufa, wataƙila ya ruɗe, kuma babu wanda zai sani idan ya bar zancen jakin. Ya ce, "A'a, abokina. Ni zan sani."

Ran Juma'a bayan na sauko daga masallaci na taimaka aka jera kujeru a falonsa. Mutane suka cika, Indiyawa, 'yan Filifin, Turawa, da wasu Inyamurai biyu da muka gaisa da Hausa. Ya nuna hotuna, ya yi bayanin tubali da azara. Da ya zo kan ginshiƙin ya ajiye takardunsa ya faɗi gaskiya, ya ce duk abin da ya rubuta kuskure ne, jaki ne. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wata dattijuwa Ba'indiya ta ɗaga hannu ta ce, to me ya sami jakin? Wani ya ce ba shi da lafiya ne? Nan fa falo ya kaure, mutanen da suka yi ta gyangyaɗi lokacin bayanin azara duk suka wartsake. Dole aka sake kiran Kawu, aka haɗa wayata da talabijin, kunnensa ya cika bango.

Na ce, "Kawu, jama'a suna tambaya me ya kwantar da jakin."

"Ai mace ce. Haihuwa ta yi a wurin."

Da na fassara, dattijuwar ta dafe ƙirji. Fadan cocinsu ya miƙe tsaye. Jaka, haihuwa, a gaban coci tun ba a yi rufi ba! Na ga Bature ya lalubo biro yana rubutu a bayan takardar da ya ajiye ɗazu. Wani ya ce a tambaya yaya ɗan ya ƙare.

Kawu ya ce, "Mugun jaki ya zama. Ya ciji ladan, aka sayar da shi."

Wannan ban fassara duka ba. Na ce ya girma, ya yi tafiya.

Sai a lokacin Kawu ya cire wayar daga kunne don ya kashe, ya gan mu. Ya ƙura ido, ba mutanen yake kallo ba, saman falon yake kallo.

"Kai, ɗaga ni in ga rufin nan. Wa ya yi muku wannan? Ko gangare babu. Ku ce wa maigidan ya sa a gyara kafin damina."

Na ce, "Kawu, nan ba a damina. Sai a shekara ba a yi ruwan kirki ba."

Ya ce, "To, don me kuka yi rufi?" Ya kashe wayarsa.

Washegari Bature ya dawo kujerar gaba da sabon littafin rubutu. Kafin mu fita daga layinsu ya tambaye ni wata nawa jaka take yi da ciki, kuma ta wane gefe ta fi son kwanciya. Na ce ban sani ba, ni direba ne. Ya ce ba komai, mu bi ta kasuwar Souq Waqif, ya ji akwai masu kula da dawaki a can, ba za a rasa wanda ya san jaki ba. Na kunna sigina na juya.