Yaya Bala da Bututunsa na Kallon Sama

Duk wanda ya zauna a Bukan Sidi ya san tafiyar Yaya Bala: haɓa a sama, ƙafa kuwa sai yadda Allah ya yi. Babu kwatar da bai faɗa ba a unguwar nan. In na ciro shi ina faɗa, sai ya kaɗe wando ya ce, "Audu, ƙasa ba inda za ta. Sama ce ke tafiya."

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi aka sa a boko, ni aka kai ni koyon walda. Yana sakandare wani malami ya nuna musu hoton duniyoyi suna kewaya rana, daga nan ba mu sake gane kansa ba. Ya ɓalle gilashi ɗaya daga tabaran Baba, ya haɗa da na wata tsohuwar kyamara, ya liƙa su a bututun ruwa, wai na'urar hangen taurari. Baba ya daɗe yana karatu da ido ɗaya.

Bututun ba shi da ƙafa, saboda haka kafaɗata ce ƙafarsa. Tun muna samari har furfura ta fara fito mini. Na wuni ina ƙona ido da wutar walda, magariba na yi ya zo ya ɗora mini.

"Daina numfashi, kana girgiza mini Zara."

"In na mutu fa?"

"Ka mutu a tsaye."

A duk Lafia shi kaɗai ne ke hamdala in an ɗauke wuta, wai sai a duhu sama ke wanke fuska. Akwai wani maƙwabcinmu ɗan ƙabilar Tibi mai sayar da kifin sanyi. Yaya ya je har shago, wai ya kashe janareto da fitilar waje.

Mutumin ya ce, "Malam Bala, in kifina ya lalace, taurari zan ci?"

"Kifinka na jiya ne. Hasken tauraron can ya taso tun ba a haifi kakanka ba."

"To, tunda ya iya jira, ya ƙara jira kaɗan."

Amma wanda ba zan manta ba shi ne husufin wata. Kun san al'ada: yara su fito da kwanuka da gwangwanaye, a yi ta kaɗawa har rana ta saki wata. Yaya ya rantse inuwar duniya ce kawai, ko ba a buga komai ba wata zai fito. Ya bi gida-gida yana magiya, ya tattara kwanukan unguwa ya zuba a shagona ya kulle. Bayan sallar husufi unguwa ta yi tsit, kowa ya ɗaga kai. Can sai gefen wata ya fara washewa. Yaya ya gyara murya zai yi jawabi ke nan, iska ta kawo ƙarar gwangwani daga wajen unguwar Akurba.

Iya Talatu mai ƙosai ta ce, "Allah ya yi wa 'yan Akurba albarka. Da don ta Bala ce, da yau mun rasa wata."

Washegari ni aka bari da rabon kwanuka, mata na zagina a kan murfi.

A koyarwar firamare ya ƙare, har ciwon ciki ya ɗauke shi. Ya bar mini 'yarsa Hajara. Da ta kai babbar sakandare ta ce ajin kimiyya take so, ilimin taurari za ta karanta. Na ce a'a, ɗinki za ki koya, mutum ɗaya ya ishi gidan nan. Ubanki ya gama rayuwa yana kallonsu, ko ɗaya bai sauko ya gaishe shi ba. Na cusa bututun bayan ƙarafa a shago. Ba ta yi musu ba, sai dai ta daina dariya a gidan.

Wata magariba na aike ta sayo kalanzir, ta dawo da zane jiƙe har gwiwa, kwalba a fashe.

"Me ya same ki?"

"Baffa, Zara ce ta fito dab da jinjirin wata."

"Kwatar fa, ba ki gan ta ba?"

Ta sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Ƙasa ba inda za ta."

Da safe na je makarantar na ce su sa ta inda take so. Na ciro bututun na goge, na tsinci guntayen rodi na yi masa ƙafa uku, don kafaɗar nan ta gama nata aikin.

Allah ya jiƙan ka, Yaya, ya raya abin da ka bari, ya haskaka kabarinka. Na san ba ka son a kunna haske, amma wannan kam ka yi haƙuri ka karɓa.