Tsakuwa a Faifan Inna Suwaiba

Shekara ashirin da bakwai Inna Suwaiba tana sayar da shinkafa da wake a bakin tashar Sabuwa, ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a kwanonta. Da hannu take tsince shinkafar gida, ƙwaya-ƙwaya, tana yi tana waƙa. Direbobi har rantsuwa suke yi da tsintarta.

Da damina idonta na dama ya kumbura daga ciki, komai ya zama kamar ana kallo ta cikin hayaƙin murhu. An ba ta maganin ɗigawa, amma mai tukwane uku a wuta ina take tunawa? Ran wata Talata Mas'udu direba ya kai loma, sai ji aka yi ƙaras. Ya riƙe kunci.

"Inna, yau har da tubali aka dafa mana?"

Kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba. 'Yarta Ramatu ta ja ta zuwa asibitin ido a Kaduna. Likita ta ce za a saka mata ɗan magani a cikin idon, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya riƙa narkewa a hankali yana kashe kumburin har wata da watanni.

"Wa zai ciro shi?" in ji Inna.

"Ba kowa, Hajiya. Narkewa zai yi ya ƙare."

"To, ni da ke cire abu daga shinkafa, yau ga shinkafa a idona."

Bayan mako biyu da saka maganin, hayaƙin ya fara washewa. Ta ɗauko faifai, sai ga wani ɗan baƙin tsinke kwance a kan shinkafar. Ta kai yatsa, ya gudu. Ta bi shi gefe, ya koma tsakiya. Ta zubar da shinkafar a tabarma, tsinken ya hau bango.

Ramatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. "Inna, maganin ne fa. Likita ta ce za ki riƙa ganin inuwarsa kafin ya narke."

"Ja'iri. To ya zauna, ba shi nake nema ba."

Daga nan ta koyi dabara: abin da ya motsa in ta motsa ido, nata ne, wanda ya kafe, tsakuwa ce. Ran nan ta tsinci goma sha ɗaya, ta jera su a kan murfin kwano tana nuna wa maƙwabta kamar zinariya.

Da safe Mas'udu ya zo, ya karɓi kwano yana harararsa. Lomar farko da haƙoran gaba ya tauna, kamar zomo. Ta biyu ma haka. Inna ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsa. Wajen loma ta shida hira ta ɗauke shi, ya cika baki yana ba da labarin tayar da ta fashe masa a hanyar Dandume. Can ya miƙo kwanon ba tare da ya juyo ba.

"Inna, ƙaro, da mai da yaji."