Namadi Mai Naɗin Waya, Wanda Ba Ya Amsa Sallama

Da hantsi Malam Namadi ke buɗe rumfarsa a bayan tashar mota ta Tambuwal. Zai share teburi da tafin hannu, ya jera mita da dalma da ƙullin wayar jan ƙarfe, sannan ya cire hularsa ya rataye a ƙusar bakin ƙofa. Duk ɗan gari ya san ma'anar hular nan: Namadi na naɗin taransifoma, ko kai wane ne ba za ka ji amsar sallama ba. Kowane zagaye goma na waya yana jan ƙwayar carbi ɗaya, kuma in ya buɗe baki lissafi ya watse. Amma ba ya cin haƙƙin kowa. Duk wanda ya yi sallama, zai tura masa tsakuwa ɗaya gefe da yatsan ƙafa, in ya gama ya bi masu tsakuwar ya amsa musu har da gaisuwar iyali. Shekara talatin da huɗu ke nan a haka.

Baƙi ne ke jin haushi. Shafi'u, malamin kimiyya a Kebbe, ya taɓa tsayuwa a ƙofar nan wata Alhamis yana ta kumburi, sallama uku ba amsa.

Abin da ya kawo shi ba ƙarami ba ne. Mahaifinsa, Liman Siddiƙ, shi ke jan Juma'a a wani ƙauye kusa da Fakku. Tsufa ya cinye masa murya, sahun baya ba sa jin huɗuba, har manya sun fara raɗe-raɗin a nemo wani. Tsohon ya ji, sai ya rage cin tuwo. Shafi'u ya zauna ya haɗa amfilifaya da hannunsa don ƙara wa uban murya. Da ya zo kan taransifoma, wadda ke rage wutar janareto ta koma daidai cikin na'ura, sai ya shiga wurin masu tsofaffin ƙarafa yana ɗaga wannan yana ajiye waccan, ya zaɓi wadda ta fi nauyi. Yana jona ta, akwatin ya yi gurnani, ya tashi da hayaƙi.

Da Namadi ya gama naɗinsa ya amsa sallamomin nan uku daki-daki, ya ji labari, ya ɗaga taransifomar yana murmushi.

"Malam, wagga ba ragon layya ba ta da za a saye ta da nauyi. Na'urarka bolt ashirin da biyar taka so, ka ɗura mata sittin."

Wani da sabuwa zai tallata masa. Namadi kuwa ya ce ƙarfenta lafiya lau yake, naɗin ne ya yi yawa. Ya zagaya mata siririyar waya sau goma, ya gwada da mita, ya gane zagaye nawa ke ba da bolt ɗaya. Ya warware naɗin waje kaf, ya sake rataye hula. Ya naɗa rabi, ya fito da bakin waya a tsakiya, wato cibiya, ya naɗa ɗaya rabin daidai da na farko, don in ɓangare ɗaya ya fi ɗan'uwansa, lasifika za ta yi ta kukan ƙudan zuma a ƙarƙashin muryar liman. Wannan karon Shafi'u da kansa ya tsaya a ƙofa yana yi wa masu sallama alamar su dakata.

Namadi ya sauya abin da ya ƙone, sannan ya sa kwan lantarki tsakanin na'urar da wuta, yadda in da sauran matsala kwan ne zai nuna. Kwan ya yi haske, ya lafa, alamar ba sauran matsala. Kafin la'asar Shafi'u ya ɗaure akwatin a bayan babur ya kama hanyar Kebbe.

Waɗanda suka halarci Juma'ar sun ce da tsohon ya yi hamdala, na sahun ƙarshe a gindin darbejiya suka ɗago kai. Shi ma ya ji muryarsa ta dawo masa daga katangar makaranta. Ba a sake ta da zancen nemo wani ba. Liman bai taɓa ganin fuskar Namadi ba, amma ya aiko masa da carbinsa na hannu, kuma da shi aka yi duk lissafin shekarun da suka biyo.

Malam Namadi, kai ne ba ka taɓa hawa mumbari ba, amma daga Dogon Daji zuwa Kebbe akwai masallatai da makarantun da muryarsu ke ratsa naɗin hannunka. Gwani na gwanaye, mai haƙurin zare. Muna ƙaunarka, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu sana'a kuma, ku koyi auna abu kafin ku jona shi, ku koyi yin shiru don aikin wani ya yi kyau.

Bana idon Namadi ya gaza, siririyar waya ta daina ganuwa, ya ce ba zai naɗa wa kowa abu da ƙiyasi ba. Jiya na bi ta rumfar, hula na kansa, ƙusa ba komai. Na yi sallama, tun ban rufe baki ba ya amsa. Wallahi ban taɓa jin amsar sallamar da ta sosa mini rai kamar wannan ba.