Babandi da Shamuwar Eleyele

Duk wanda ya zauna Sabo ta Badun a shekarun 1950 ya san Babandi mai ɗaurin huhun goro. Dogo ne, yana jan ƙafar hagu, maganarsa ba ta wuce "Allah ya amfana" ba. Daga wani ƙauye a ƙasar Daura ya koro shanu a ƙasa, ana saura kwana biyu su iso wani bijimi ya taka shi. Abokan tafiya suka koma Arewa, shi kuwa ya kwanta jinya a zauren wani fatoma. Da ƙafa ta warke a karkace, sai ya zauna.

Ba mata, ba ɗa. Abin da yake da shi a duniya yayarsa ce Azumi, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Ranar da zai baro gida ta raka shi har gindin tsamiyar ƙofar gida, inda shamuwa ke sheƙa kowace shekara. Ya ce mata, "Yaya, da shamuwa ta sauka za ki gan ni. Ni zan share miki gona."

To, a Daura kowa ya san saukar shamuwa ita ce sallamar shigowar damina. Amma shamuwar Kurmi 'yar wucewa ce, can sama ake hango ta tana bin hadari zuwa Arewa. Babandi ya riƙe wannan ƙam. Ai cewa ya yi in ta sauka, ga shi kuwa ba ta sauka ba. Gaskiyar magana kunya ce ke cinsa, ya tafi da ƙafa biyu ya koma da ɗaya da rabi, ga shi ko gatari ba ya iya ɗagawa da kyau. Har zangon shanu ya daina zuwa, don kada ya yi kiciɓis da mutanen gida.

Ran Juma'a bayan an sauko, sai ya ɗauki adda ya ratsa unguwar Mokola, ya ɗingisa har bakin tafkin Eleyele. Saboda ƙafarsa ba ta son gargada, ya riƙa sare ciyawa yana kawar da duwatsu, har ya fitar da 'yar hanya shimfiɗaɗɗiya da ta bi gefen ruwa. Da shekaru suka tura, Yarabawa suka fara kawo 'ya'yansu shan iska a kanta, wani Bature ma yakan zo da madubin hangen nesa yana kallon zalɓe da kirinjijiya. Su ce, "Eku ishe, Baba," wato sannu da aiki, ya ɗaga hannu, shi ke nan hira ta ƙare. Yakan zauna kan wani kututture yana kallon balbelu na komawa makwanci garke-garke, kewar gida ta cika masa ciki har ya rasa inda zai sa kansa.

Wata Juma'a, ana gab da faɗuwar ruwa, ya ɗaga ido sai ga shamuwa guda a tsaye bakin ruwa, baƙar riga, farin ciki, tana tsintar fara. Ta gaji ne ko 'yan'uwanta ne suka bar ta, oho. Babandi ya daɗe yana kallonta. Hujjar da ya yi shekara da shekaru yana laɓewa bayanta ta ƙare.

Washegari ya sayi turmin atamfa, ya zaɓi farin goro ya ƙunsa a ganye da hannunsa, ya nufi zango neman abokin tafiya. Can ya ci karo da Rabe, ɗan maƙwabcinsu, wanda ya bari yana kiwon awaki, yanzu har da gemu.

"Kawu Babandi! Ashe kana raye?"

"Ina nan, Rabe. Yaya Azumi fa?"

Rabe ya sunkuyar da kai. "Kawu, sai haƙuri. Allah ya yi mata rasuwa a daminar bara." Sannan ya ƙara da cewa, "Duk shekara in shamuwa ta sauka kan tsamiya, sai ta hana mu taɓa gonar nan kwana da kwanaki. Ta ce mai sharewa yana hanya."

Babandi ya yi salati, ya miƙa wa Rabe atamfar da goron, ya ce a raba sadaka. Bai ko tambayi motar tafiya gida ba.

Juma'ar da ta zagayo ya koma Eleyele. Shamuwar ta tafi. Ruwan farko ya zuba, ciyawa ta fara cin hanya. Ya yi bisimilla kamar yadda ake yi a bakin gona, ya sunkuya ya fara shara, yana share hawaye da hannun riga.