Gambar da Na Ɗaure a Dajin Falgore

Talata: Bebeji zuwa Falgore

Ƙarfe biyar na asuba na hau kekena na bar Bebeji. Yayana Garba malamin daji ne a Falgore, ya aiko yana neman masu taya shi share hanyar wuta kafin ciyawa ta bushe. Babu lada, sai tuwo. Ni tela ne, rabona da lauje tun ina yaro, amma ba zan iya ce masa a'a ba.

Bakwai da rabi ina Ƙafin Maiyaki. Na bar keken wurin wani abokina, na karya da koko da ƙosai, na hau bayan wata babbar mota a kan sule ɗaya da sisi. Direban ya dubi farar rigata ya ce, "Malam, daji za ka ko ɗaurin aure?"

A Tudun Wada ɗan doka ya tsayar da mu, ya leƙa kaya, ya sallame mu. Da la'asar na sauka a bakin daji, Yaya Garba na jirana. Na kwana a bukkarsa bayan na cika cikina da tuwon dawa miyar kuka.

Laraba: cikin daji

Mu goma sha biyu ne, manoma daga wajen Doguwa da wani dattijon makiyayi, Arɗo Buba. Yaya ya nuna mana wani fili inda ya dasa 'ya'yan itacen maɗaci, shekara uku yana rainonsu, sun kai ƙugu. Aikinmu mu share tsiri mai faɗi kewaye da su, a watsa ciyawar da aka yanke can waje, sannan a sa wa wajen wuta tun da sauran laima. Ta haka in gobarar rani ta zo ba za ta sami abin ci ba.

To, ni gamba na gani, doguwa, miƙaƙƙiya, irin wadda a Bebeji sai ka yi magiya kafin ka samu ta zana. Raina ya ƙi yarda a ƙone ta. Na ɗaure dami huɗu, na faki ido na jingine su ta ciki, gindin maɗatan, inda na tabbata wuta ba za ta zo ba.

Ƙarfe huɗu aka kunna. Da fari lafiya lau, tana ci a hankali. Sai iska ta juya, ta ɗauko tartsatsi ta tsallake da shi tsirin. Da ƙasa tsura ya tarar da ya mutu. Sai ya faɗa kan gambar da na ɗaure.

"Wa ya ajiye ciyawa a nan?" Yaya ya daka tsawa.

Arɗo Buba ya karyo ɗanyen reshe ya danƙa mini. "Ɗana, bari kallo. Daki gindinta, ba harshenta ba!" Shi kuwa ya sa sandarsa ya riƙa cilla dammunan cikin tsirin suna ci. Muka yi ta duka har hayaƙi ya lafa.

Maɗatai biyar sun yi baƙi, ganyensu ya ƙanƙance. Na ce, "Yaya, ni ne. Zana na so in yi." Bai ko dube ni ba. Ya durƙusa ya kankare bawon na farko da farce. Kore shar. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye da shi. Da ya kankare na biyar ya zauna daɓas a cikin toka.

"Suna da rai, Idi," in ji shi. "Za su toho."

Wallahi sai da na yi hawaye don daɗi.

Alhamis: komawa gida

Na sami mota da hantsi, na karɓi kekena da azahar, na shiga Bebeji ana kiran magariba. Tafukana duk sun yi bororo, kwana shida ban iya riƙe almakashi ba, kuma ko sau ɗaya ban yi ƙorafi ba. Na gode wa Allah, na gode wa Arɗo Buba. Yaya Garba kuwa, da zai sa ni a mota, cewa ya yi, "Baɗi ma ka zo. Amma kusa da ni za ka tsaya."