Ta Yi Fas

Yayana mai koyar da tuƙi ne, amma da za a bar shi, kalmar Turanci ɗaya zai yi ta koyarwa har tsufa: fas. Shi ya sa duk garejin ake ce masa Baba Fas. Ɗalibi na fama da sitiyari, shi kuwa yana zuba: "Ka wuce mota, fas. Ka ci jarrabawa, fas. Ka miƙa ƙwallo, fas. Asalinta taku ne a bakin Rumawan dā, Turawa aro suka yi. Taka birki mana!" Ni dai ya ishe ni da ita tun ina 'yar firamare.

Ma'ana ɗaya ce ba ya koyarwa. Da ita likita ya faɗa masa rasuwar matarsa, a tsaye, a bakin ƙofa: "Ta yi fas."

Bara aka yi wa autarsa aikin hanji. Likita ya ce sai cikin ya motsa za a san ko ɗinkin ya kama, kafin nan ko ruwa kar a ba ta. Muka tare a bencin baranda. Yaya na zaune a gefena. Makullin mota kawai yake juyawa a hannu.

Da hantsi wata nas ta fito da sauri, ko kallonmu ba ta yi ba, ta ce wa abokiyar aikinta, "Kira likita. Ta gefen taga ta yi fas."

Gadon auta ne a gefen taga.

Makulli ya faɗi. Yaya ya yunƙura, ya dafe bango yana salati. Ni kuwa na sha gaban nas ɗin, har da riƙe mata hannu.

"Baiwar Allah, wane irin fas?"

"Iska, Mama. Tusa ta yi. Ai ita muke ta jira."

Saura ƙiris in mare ta, sai na ga na rungume ta.

Muka shiga. Auta ta ja zani ta rufe fuska. "Baba, wallahi duk ɗakin sun ji."

Ya durƙusa a gefen gadon, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙara, 'yata," ya ce. "Ƙara, kowa ya ji."